Sulken soso: shawarwarin masu haɗa shi

An yi tambaya kan yadda ake haɗa sulken kwalliya da soso, irin na shigar kwaikwayo. Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun tsaya kan soson EVA, wani soson roba mai ɗan tauri: mai kaurin milimita 10 don ƙirji, mai milimita 2 don ado. An fi jan magana kan reza. Soson nan yana dakusar da ita nan da nan, sai gefen yanka ya yi kaca-kaca, don haka a riƙa wasa ta. Gam kuwa, irin wanda ake kira contact cement, a shafa ɓangarorin biyu da za a haɗa, a bari ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan a manna. Kafin fenti, wasu sun ce a fara rufe soson da farin gam, wasu da Plasti Dip, wata robar fesawa. Ni dai na fi karkata ga na biyu, ba ya tsagewa in sulken ya lanƙwasa, amma a fesa shi a waje.