Saiwar irkusus a fatar kai: abin da kowa ya gani

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman jin ta bakin waɗanda suka taɓa amfani da saiwar irkusus, wato saiwar nan mai zaƙi da ake kira licorice da Turanci, wajen kula da fatar kai, domin ana yawan yaba ta a kan ƙaiƙayi da amosani, wasu ma suna cewa tana tsirar da gashi. Ni ƙaiƙayi ne ke damuna, musamman idan kitso ya kwana biyu, kuma ina so in san yadda ake haɗa ta kafin in fara.

Uwargida:
Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Na daɗe ina amfani da ita, kuma a kan ƙaiƙayi na ga amfaninta ƙwarai. Nakan farfasa busasshiyar saiwar, in zuba kamar cokali biyu a ruwa kofi biyu, in bar ta a ƙaramar wuta har ruwan ya yi ja, sannan in sauke ya huce in tace da ƙyalle mai laushi. Bayan na wanke kai sai in riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan ina murza fatar da yatsu, in bar shi na ɗan lokaci kafin in ɗauraye. Zafin nan da fata ke yi bayan an yi ta susa shi ne farkon abin da ya lafa. Idan garin kika samu, ki tace shi sosai, domin yana maƙalewa a gindin gashi mai cika, kuma fitar da shi aiki ne. Ragowar ruwan ba ya jimawa ko a firji, saboda haka ki riƙa dafa daidai buƙata.

Malama mai harhaɗa magani:
Abin da Hajiya Uwargida ta gani yana da tushe. Sunan tsiron a kimiyyance Glycyrrhiza glabra, kuma saiwarsa tana ɗauke da sinadarin gilisirizin, wanda zaƙinsa ya ninka na sukari sau 30 zuwa 50, kuma yana rage kumburi da jan fata. A shekarar 2003 an wallafa wani bincike daga Iran inda aka shafa wa masu cutar ƙaiƙayin fata man irkusus na tsawon mako biyu, aka ga ja da kumburi da ƙaiƙayi sun ragu. Ni kaina ina ɗauraye kaina da ruwansa lokacin da fata ke bushewa. Sai dai ina roƙon kowa ya tsaya a shafawa. Yawan shan irkusus yana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, ya zubar da sinadarin fotasiyam, har hawan jini ya biyo baya, kuma wannan haɗari ne ga mai juna biyu da mai ciwon zuciya ko ƙoda. Kafin a zuba a kai, a fara shafa kaɗan a bayan kunne a jira kwana guda, domin akwai fatar da ba ta jituwa da shi.

Amaryar Bara:
Ni kuma saboda zubewar gashi na fara. Bayan na haihu da 'yan watanni, duk lokacin da na taje kai sai in ga mataji cike da gashi, goshina kuma yana ta ja da baya. Na riƙa amfani da ruwan irkusus, gashin kuwa ya dawo, amma likita ta bayyana mini cewa irin wannan zubewar tana faruwa ne saboda sauyin sinadaran jiki bayan haihuwa, kuma yawanci tana tsayawa da kanta kafin yaro ya cika shekara. Gashi yana tsawo da kusan santimita ɗaya a wata, kuma ban ga ya wuce haka ba. Abin da zan iya shaida shi ne kaina ya daina ƙaiƙayi, taza ma ta yi sauƙi.

Baban Yara:
Hajiyoyi ku ba ni dama in sa baki. Amosanina mai yawa ne, irin wanda ke zuba fari-fari a kafaɗar riga. Irkusus ya rage mini susa, amma ɓawon ya ci gaba da dawowa har sai da na haɗa da shamfu mai ketoconazole, wanda ke kashe ƙwayar Malassezia da ke haddasa shi. Haka kuma da makero ya kama ɗana, gashi ya ɓare a zagaye, a asibiti aka ce wannan sai maganin sha, domin ƙwayar tana cikin gindin gashin inda ruwan ɗauraya ba ya kai wa.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan fara da gwajin bayan kunne, kuma da yake ina da hawan jini, ba zan kai shi baki ba. Hajiya, ko ana iya zuba ruwan alhali kitson yana kai, ko kuwa sai an tsefe?

Uwargida:
Ana iya zubawa ta tsakanin tsagar kitson, amma ki tabbata kan ya bushe sarai kafin ki ɗaura ɗankwali, domin danshin da ya kwana a gindin kitso yana ƙara ƙaiƙayi.