Muhawara: Ƙwarya Ɗaya ta Burukutu da Ayyukan Jiki

Ɗan Mawaƙa: Salama 'yan'uwa. Raina a ɓace yake. An sa ni horo, an cire ni daga ƙungiyar mawaƙa, wai an gan ni da ƙwarya ɗaya ta burukutu a wajen biki. To amma Galatiyawa 5:19-21 da aka karanta mini ba buguwa kaɗai ya lissafa ba, akwai gaba da kishi da fushi da tsattsaguwa. Dattawa biyu a majami'armu ba sa ga maciji da juna tun rikicin fili, kuma su ke raba Jibin Ubangiji. Nasu ba aikin jiki ba ne?

Mama Zumunta: Ɗana, wace irin ƙwarya? Ta masu burukutu ai ta kusa masaki.

Ɗan Mawaƙa: Ƙarama ce, Mama. Ban bugu ba.

Baba Dattijo: Duk mashayi da ɗaya ya fara. Jiki ba ya cewa ya ƙoshi, shi ya sa Bulus ya ce jiki da Ruhu gaba suke yi.

Ɗan Katolika: Baba, Afisawa 5:18 buguwa ta hana, ba ta hana sha ba. A Kana ta Galili tuluna shida Yesu ya mai da ruwan inabi. Bulus ma ya ce wa Timoti ya riƙa sha kaɗan saboda cikinsa.

Baba Dattijo: Ciwon ciki gare shi wannan yaron? Ku dama abin da kuke nema kenan.

Ɗan Katolika: “Ku” su wa? Mu da ke azumin kwana 40 kafin Ista za a koya wa horon jiki?

Malamin Lahadi: Azumin da ake ƙare shi a gidan giya? Mu a ikkilisiyar ECWA ko ɗaya ko goma, babu.

Ɗan Katolika: ECWA ta 1954 ce za ta gyara wa ikkilisiyar da ta haifi kowa zama? Al'adar Turawan mishan na SIM kuka mayar doka.

Mama Zumunta: Je ka tambayi matan da mazansu suka sayar da dawar gida don ƙwarya ɗaya, kafin ka ce al'adar Turawa.

Malamin Lahadi: Kuma ka iya bakinka, Baba ya haife ka.

Ɗan Mawaƙa: Jama'a, maganar dattawan nan fa?

Ɗan Katolika: Ni ban zagi kowa ba. Shi ya fara cewa “ku”.

Shugaban Zaure: To, ya isa. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda cewa ƙwarya ɗaya ma faɗuwa ce, sai mutum ɗaya da ya zo da ayoyin da bai fahimce su ba. Mun gode wa Baba da ya yi haƙuri da rashin kunya. Ɗan'uwa, ka karɓi horonka da tawali'u. Maganar dattawa kuwa ba ta wannan zaure ba ce. Na rufe.