Abin da muka tattaro kan yadda ake auna sabon albam

Jiya da daddare a majalisa mun daɗe muna hira kan sharhin sababbin albam, ga abin da aka fi haɗuwa a kai.

Kar ka yanke hukunci a ji ɗaya. Ka saurara sau uku aƙalla, da iyafis sannan a sifikar waya, don wata waƙar sai ka ji ta da daɗi a kunne amma kana sakinta a sifika kiɗan ya danne muryar gaba ɗaya, ko kalma ɗaya ba ka kamawa.

Wanda ya fi tsaya min shi ne kowane salo da ma'auninsa. Mai bege a duba baiti da amsa-amo da ladabin kalma, mai hip-hop a duba gudun kalmominsa a kan kiɗa, shi kuwa mai kalangu ko gurmi ai amshi da jituwarsa da makaɗa za ka bi, ba daidai ba ne ka ɗora su a sikeli ɗaya.

Wani ya ce a lura da gyaran murya na situdiyo, in ya yi yawa karin sautin Hausa kansa, wato hawa da saukar murya a kan kalmomi, lalacewa yake, na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Yawan saurare a YouTube ko Audiomack kuma farin jini ne kawai yake nunawa. In za ka kushe, faɗi waƙa ta nawa ce da inda ta gaza.