Soke, dakatar ko jingine? Neman Hausar "abolitionniste de fait"

Jama'a, ku taya ni. Lauyoyi suna kiran Kamaru "abolitionniste de fait", wato ƙasar da hukuncin kisa ke nan daram a dokarta amma ta daɗe ba ta zartar da shi ba. Bayanin ya yi tsawo, gajeriyar kalma nake nema.

Ina jin wasu na cewa "ta soke hukuncin kisa". A'a, Cadi ce ta soke. A watan Agustan 2015 ta harbe 'yan Boko Haram 10, kundin laifuka na 2017 ya cire hukuncin sai a kan ta'addanci, a 2020 majalisa ta cire wannan ma. Yau ko cin amanar ƙasa mutum ya yi a can, iyakarsa gidan yari.

Ka tsallako gadar Ngeli daga Njamena ka shigo Kuseri, nan Kamaru, zance ya sauya. Sashe na 102 na kundin laifukanmu ya ce ɗan ƙasar da ya yaƙi Jamhuriya, ko ya taimaki masu yaƙarta, maci amanar ƙasa ne, hukuncinsa kisa. Dokar ta'addanci ta 2014 ta ƙara faɗaɗa abin, kotun soja ta Marwa kuma ta yanke wa mutane da dama. Zartarwar ce dai rabon da a yi tun 1997.

Wani malaminmu a Garwa ya kawo "dakatar". Allah ya gafarta Malam, dakatarwa sai da mai dakatarwa da sanarwa, mu kuwa shiru kawai aka yi. Mu bar wa "moratoire" wannan, wato tsayar da zartarwa a hukumance.

Ni "jingine" na zaɓa. Abin da aka jingine ba a yar da shi ba, yana nan jikin bango, hannu kawai za a miƙa. Mu 'yan arewacin Kamaru ba sai an tuna mana ba: a 1984 an yanke wa tsohon shugaban ƙasa Ahmadu Ahijo hukuncin kisa a bayan idonsa kafin a sassauta, bayan yunƙurin juyin mulkin 6 ga Afrilu kuma aka harbe sojoji a Mbalmayo, akasarinsu 'yan arewa.

An ce za a rikita shi da jinginar gona. Ban zata ba, ai "an jingine maganar" kullum a bakinmu take.

To ga shi: Cadi ta soke hukuncin kisa, Kamaru ta jingine shi. 'Yan uwa na Njamena, ya zauna a kunnenku?