Ta yaya kuke tsara sanarwar coci ta shekara guda?

Sakatariya_R:
Salama 'yan'uwa. An ɗora min aikin sanarwar cocinmu daga yanzu har 2027, wato takardar ranar Lahadi, guruf ɗin WhatsApp da shafin Facebook. Damuwata ita ce kowace ƙungiya sai Asabar da dare take turo nata, mata su turo, matasa su turo, mawaƙa ma haka, kowa na cewa nashi ne na gaggawa, washegari a yi ta karanta sanarwa har ta kusa kamo wa'azi tsawo mutane na ta duba agogo, kuma duk da haka sai ka ji wani ya ce ai shi bai ji ba. Fasto ya ce in kawo tsarin shekara gaba ɗaya. Don Allah ta ina ake farawa?

Dattijo_Y:
'Yata sannu da aiki. Ki fara da kalanda tukuna, maganar Facebook ta biyo baya. Ki sa ranakun da ba ke kika zaɓe su ba. Kirsimeti dai 25 ga Disamba ce kullum, amma Ista tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, a 2027 za ta faɗo 28 ga Maris, da wuri kenan, Fentikos kuma makonni bakwai bayanta, 16 ga Mayu. In cocinku na kiyaye azumin kafin Ista to 10 ga Fabrairu zai fara, kin ga ana gama hidimar sabuwar shekara ba wani hutu. (In kuna bin kalandar Otodoks ranarku daban ce.)

Daga nan ki tara shugabannin ƙungiyoyi a zama ɗaya tun kafin shekara ta ƙare, kowa ya zo da ranakunsa a rubuce. A nan za ki ga taron matasa da na mata sun haɗu a mako ɗaya, gara a yi musun a ɗakin taro da a yi shi a gaban jama'a. Kowane babban taro ki ƙirgo baya: yaushe za a fara faɗa, yaushe za a tuna, wa zai rubuta, wa zai duba kafin ya fita.

Matashin_midiya:
Baba ya yi gaskiya, amma ni a ganina kalanda kaɗai ba za ta rage tsawon sanarwa ba. Anti sai kun raba abubuwa. Wanda ya shafi kowa da kowa kamar baftisma ko canjin lokacin sujada shi ne za a faɗa a bagadi, biyu ko uku sun isa. Gwajin waƙa kuwa mawaƙa kawai ya shafa, a tura musu a nasu guruf. Kuma fasto ne zai sanar da wannan doka da bakinsa ba ke ba, in ba haka ba ke za a tsana wallahi.

Sai ƙananan abubuwa da ke ba mutane ciwon kai. Sitatus na WhatsApp awa 24 yake ya ɓace, kar ki dogara da shi. Burodkas na WhatsApp, wato tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa kowa ya samu nashi daban, mutum 256 yake ɗauka kuma wanda bai ajiye lambarki ba saƙon ba zai je mishi ba. Tes na waya harafi 160 ne, amma da kin sa ƙ ko ɗ ko wani emoji sai ya koma 70, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku. Na Facebook kuma za ki iya jera su tun da wuri a Meta Business Suite, manhajar kula da shafin Facebook, su riƙa fita da kansu.

Maman_Zumunta:
Ni abin da ke damuna da ku 'yan waya, kuna mantawa da tsofaffi da waɗanda karatu ke musu wuya. Akwai gwauruwar da in ba a faɗa da baki ba ko wani ya taka ya je gidanta to ba za ta sani ba, kuma ita ce ba ta fashin addu'a. Ki sa a tsarin wa zai kai wa irin su labari. Sannan ki bar fili, rasuwa da rashin lafiya ba sa jiran kalanda, a san tun yanzu wa ke da ikon fitar da irin wannan sanarwa, kuma sai iyalin sun yarda. Hoton yara ma kar a ɗora sai an tambayi iyayensu.

Sakatariya_R:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan roƙi fasto ya kira zaman shugabannin. Ina tunanin sa Laraba ta zama ranar rufe karɓar sanarwa, amma wanda ya kawo nashi Asabar fa, in mayar mishi?

Dattijo_Y:
In ba rasuwa ba ce ko abin da ba zai jira ba, ki karɓa da fara'a ki ce mishi sai Lahadi ta sama. Zai yi ƙorafi, ki tura shi wurin fasto.