Shin teku na farfaɗowa bayan malalar ɗanyen mai?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske game da malalar ɗanyen mai da ta auku a Tekun Meziko a watan Afrilun 2010, bayan fashewar dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon, inda ma'aikata 11 suka rasa rayukansu. Rijiyar kamfanin BP ta kwashe kwana 87 tana aman mai kafin a toshe ta, amma ga shi yau mutane na wanka a gaɓar tekun kamar ba a taɓa yin komai ba. Ɓarnar ta wuce ke nan, ko kuwa ido ne bai kai gare ta ba?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Rairayin bakin teku shi ne mafi sauƙin gyara, domin ana iya kwashe yashin da ya ɓaci da shebur da manyan motoci. Inda abin ya yi muni shi ne fadamun jihar Luwiziyana ta Amurka, waɗanda saiwar ciyawa ce kaɗai ke riƙe da ƙasarsu. Da man ya kwanta a gindin ciyawar sai ta mutu, saiwar ta ruɓe, igiyar ruwa kuma ta dinga zaftare gefen fadamar tana tafiya da shi, ƙasar da ta tafi ta wannan hanya kuwa ba ta dawowa, alhali a nan ne ƙananan kifaye da jatan lande ke girma kafin su fita teku. Tsawon gaɓar da man ya taɓa ya haura kilomita 2,000.

Tsuntsaye kuma, musamman kwasakwasa, mai yana manne musu gashi, ruwa ya ratsa har fata, sanyi ya kama su. Tsuntsun ya sa baki yana ƙoƙarin gyara jikinsa, sai ya haɗiye gubar.

Malama Rabi:
Malam Habu ya yi bayanin gaɓa, ni kuwa abin da ke ƙarƙashin ruwa ya fi damuna. Bakin rijiyar yana zurfin kimanin mita 1,500, kuma an zuba sinadarin Corexit kusan galan miliyan 1.8, wani a saman ruwa, wani a bakin rijiyar, don ya farfasa man ya zama ƙananan ɗigo. Hakan ya rage abin da ya isa gaɓa, ba na musu, sai dai man bai fita daga teku ba, ya dai bar inda kyamara ke iya ɗaukarsa ne. Daga baya an tarar da murjani a ƙasan teku lulluɓe da wani baƙin datti yana mutuwa, murjanin da ke ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ya girma. Dabbar dolfin ta mashigin ruwa na Barataria da ke Luwiziyana kuma an same ta da ciwon huhu da yawan ɓarin ciki shekaru bayan an toshe rijiyar.

Malam Habu:
Gaskiya ne, Malama, amma a yi adalci: ɗumin ruwan Tekun Meziko da ƙwayoyin halittar da ke cin mai sun taimaka ƙwarai, har aka sake buɗe wuraren kamun kifi. Ruwan sanyi ba ya samun wannan rangwame. Jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya zubar da kimanin galan miliyan 11 a Alaska a 1989, kuma fiye da shekara 20 bayan haka masu bincike na tona tsakuwar gaɓa suna tarar da man a kwance, da warinsa.

Mai Neman Sani:
Na gode, Allah ya ƙara sani. Malama Rabi, dala biliyan 20.8 da BP ya amince ya biya gwamnatin Amurka da jihohi biyar na yankin, nawa ne daga ciki aka ware wa ƙasan tekun da kika ambata?