Muhawara: Shin mai sana'ar tace bidiyo zai iya dogara da Linux?

Mai ɗaukar bidiyon biki, Garwa: Assalamu alaikum. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, samari suke ta ba mu shawarar mu koma Linux, wato tsarin gudanar da kwamfuta na kyauta da ake sa wa a madadin Windows, saboda tsofaffin kwamfutocinmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ni dai ra'ayina shi ne wanda yake cin abinci da tace bidiyo ba zai iya ba, tunda Premiere Pro, manhajar tace bidiyo ta kamfanin Adobe, ba ta aiki a can, haka ma CapCut ta kwamfuta.

Malamin kwamfuta, Marwa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya ne Adobe ba ta fitar da manhajarta domin Linux ba, amma aikin biki bai wuce yankawa, jerawa, gyaran launi, ɗora sauti da rubuta sunan ango da amarya ba, kuma Kdenlive, manhajar tace bidiyo ta kyauta da ke aiki a Linux, tana yin duk waɗannan ba tare da kuɗin wata ba, tana kuma da Faransanci. Shotcut ma haka take, domin injin sarrafa bidiyo ɗaya ne, mai suna MLT, a ƙarƙashin su biyun.

Mai tace shirye-shirye, Ngaundere: Me zai sa a sha wahala? DaVinci Resolve tana aiki a Linux, akwai ta kyauta, kuma da ita manyan kamfanonin fim suke gyaran launi.

Malamin kwamfuta, Marwa: Ƙanina, nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Resolve mallakar Blackmagic Design ce ta Ostareliya, kyauta ce amma lambobin da aka rubuta ta da su a rufe suke, kuma tana son katin hoto mai ƙarfi wanda kwamfutocin gwanjo da muke saye ba safai suke da shi ba. Babbar matsalar ita ce ta kyautar a Linux ba ta karanta bidiyo mai tsarin H.264, sauti mai tsarin AAC kuwa ko ta kuɗin ba ta karanta shi, alhali da waɗannan biyun yawancin wayoyi da ƙananan kyamarori suke ajiye bidiyo. Dole sai ka fara sauya tsarin kowane fayil da wata manhaja mai suna FFmpeg, abin da zai fito kuma ya ninka na asali girma sau da yawa. Wanda dangin amarya suka turo masa guntayen bidiyo daga wayoyi daban-daban, Kdenlive ta fi masa, domin kai tsaye take buɗe su.

Mai ɗaukar bidiyon biki, Garwa: Malam, na ji, amma na ga Kdenlive tana sarƙewa a hannun wani yarona idan an ɗora mata 4K, wato bidiyo mai kaifin hoto sosai.

Mai shirya tallace-tallace, Injamena: Alhaji, wannan laifin na'ura ne, kuma Kdenlive tana da maganinsa: tana yin ƙananan kwafe marasa nauyi a yi aiki da su, sai lokacin fitarwa ta koma kan na asali. Tana kuma ajiye aiki da kanta, abin da duk wanda wuta ta taɓa ɗauke masa a tsakiyar aiki ya san darajarsa. Ga tsadar data a nan Cadi, ana sauke ta a fayil ɗaya na AppImage, wanda yake aiki ba sai an girka shi ba, a raba wa jama'a da filas. Inda na goyi bayanka shi ne kwalliya, domin masu kaya suna zuwa da abin da suka gani a TikTok su ce irinsa suke so, kuma wanda CapCut take yi da dannawa ɗaya, a Kdenlive sai an gina shi da hannu.

Mai ɗaukar bidiyon biki, Garwa: Hajiya, to ai kwalliyar ce ake biya. Zan sa Linux a tsohuwar kwamfutar in gwada ta da walimar sauka, amma ta aikin biki ba zan taɓa ta ba tukuna.